Daga Landirofa zuwa Land Cruiser: Tarihin Tsohuwar Mota Mai Ja da Ƙafa Huɗu a Tamale

Idan kana shigowa Tamale da shanu daga Gushegu, ko kana sauke kaya a kasuwar Aboabo, ba ka rasa ganin irin motocin nan da suka girmi direbobinsu. Wata fentinta ya koɗe har ba ka iya cewa fara ce ko ruwan toka, wata an ɗaure ƙofarta da waya, amma da zarar damina ta kama hanya ta lalace, su ake nema. Wataƙila ma kai da kanka kana shawarar sayen ɗaya, don kai gishiri da magani ruga, ko ɗaukar buhunan masara daga ƙauye, ko kai baƙi kallon giwa a Mole. Kafin ka zuba kuɗin shanu biyar ko goma a kan ƙarfe, ya kamata ka san yadda aka yi motocin nan suka zo ƙasar nan, da abin da ya kashe wasu ya bar wasu.

Hanyar ta riga motar. Kakanninmu fatake sun daɗe suna zuwa Gwanja neman goro. Ayari yakan taso daga Kano ko Sakkwato ƙarƙashin madugu, da jakuna da takarkarai, a yi watanni ana tafiya ana yada zango, a bi ta Sansanin Mango da Yendi har a sauka Salaga. A lokacin Salaga ce kasuwa, ba Tamale ba. Yaƙin basasar 1892 ya watsa Salaga, 'yan kasuwa suka bazu, wasu Kete Krachi, wasu Kintampo, wasu Kumasi. Tamale kuwa sai a 1907 tauraronta ya fito, da Turawan Ingila suka dawo da hedkwatar mulkin Arewa nan daga Gambaga. Gwamna Guggisberg, wanda ya yi mulki daga 1919 zuwa 1927, ya so ya jawo layin dogo daga Kumasi zuwa Arewa, amma ba a yi ba, kuma har yau ɗin nan da nake maka bayani jirgin ƙasa bai taɓa shigowa Tamale ba. Ka riƙe wannan, domin shi ne tushen labarin. Kano ta samu jirgin ƙasa tun 1911. Mu nan duk abin da zai shigo ko ya fita, in ka ɗebe ɗan abin da ake bi da shi ta ruwa, kan taya yake tafiya.

Tsohuwar hanyar mota daga Kumasi ta bi ta Ejura da Atebubu zuwa Yeji, a tsallaka kogin Volta a jirgin fito, a bi ta Salaga a iso Tamale. Manyan motocin Bedford masu bodin katako su ne suka yi wannan aiki. To amma babbar hanya ɗaya ce, ƙauyuka kuwa ɗaruruwa, kuma lori ba ta shiga fadama.

A nan Land Rover ta shigo, wadda bakinmu ya mayar Landirofa. Kamfanin Rover na Ingila ne ya fito da ita a watan Afrilu 1948, a wajen baje kolin motoci na Amsterdam. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙarfe ya yi wuya a Ingila, gwamnati na rabon sa da awo, sai suka yi bodin motar da alminiyom, ƙarfen da aka saba ƙera jiragen sama da shi, shasin kuwa suka yi shi da baƙin ƙarfe. Manomi aka yi wa ita, ta yi aikin gona ta kuma kai shi kasuwa. Amma gwamnatocin mulkin mallaka suka ga ta dace da su, suka yi ta oda. Kafin Ghana ta samu 'yanci a ranar 6 ga Maris 1957, Landirofa ta riga ta zama motar Disi, motar 'yan sanda, motar ma'aikatan gona da ta 'yan mishan. Tsofaffin makiyaya kuwa sun fi sanin ta a matsayin motar malaman dabbobi daga Pong-Tamale. Da aka fara gangamin allurar bushiya na ƙasashen Afirka a 1962, wanda ya soma daga yankin Tafkin Chadi ya biyo har nan, irin waɗannan motoci ne suka riƙa kai allura ruga-ruga. Bafulatani na ganin ƙurarta daga nesa, bai san ko magani ta ɗauko ko masu ƙirgan shanu don haraji ba, shi ya sa wani lokaci kafin ta iso garken ya shige daji. A 2011 aka bayyana cewa bushiya ta ƙare a duniya baki ɗaya, kuma a ganina idan ana rabon godiya, direbobi da fitocin da suka riƙe motocin nan a hanya suna da kaso.

Me ya sa ta daɗe haka? Ba don ba ta lalacewa ba. Duk wanda ya riƙe samfurin Series IIA da aka yi daga 1961 zuwa 1971, ko Series III da ta biyo baya har 1985, zai gaya maka cewa tana ɗigar da mai kamar ƙwaryar da ta tsage, kuma sandar aksul ɗinta ta baya takan karye in ka cika mata kaya ka taka totur a cikin taɓo. Sirrinta shi ne komai nata da noti aka ɗaure shi. Da sifana da guduma da sukundireba kana iya warware ta a gindin bishiya ka mayar. In aksul na baya ya karye, sai ka zare guntun, ka danna maɓallin nan mai ruwan ɗorawa da ke kusa da giya, ƙafafun gaba su ja ka har gida. Jan sandan da ke gefensa shi ne giyar taimako, ta hawan tudu da fita daga rami. Injinta mai lita biyu da kwata ba shi da gudu, amma yana haƙuri da mai maras kyau.

Abu biyu suka faru da suka sauya taswirar direba. Na farko, madatsar Akosombo da aka kammala a 1965 ta haifi Tafkin Volta, mashigin Yeji ya zama ruwa mai faɗi, babbar hanya ta koma ta Kintampo da gadar Buipe da ta Yapei. Salaga ta sake zama a gefe, sai mai jiran jirgin fito a Makango. Na biyu, a ranar 4 ga Agusta 1974 Ghana ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma hannun dama, shekara biyu bayan Najeriya ta yi haka a Afrilu 1972, don a daidaita da maƙwabta masu Faransanci. Wannan yana da amfani gare ka yau. In aka nuna maka mota aka ce an juya mata sitiyari daga dama zuwa hagu, ka sa a ɗaga ta ka duba inda aka yi walda a akwatin sitiyarin da inda aka dasa fedar birki. Aikin ƙwarai yana nan, aikin ganganci ma yana nan, kuma na biyun a kan gangaren Gambaga ake gane shi, lokacin da ba sauran gyara.

Shekarun 1970 sun fara da daɗi. Gwamnatin Acheampong ta ƙaddamar da shirin ciyar da kai a 1972, aka yi ta noman shinkafa a fadamun Nasia da Fumbisi, taraktoci da motoci suka cika Arewa. Daga baya tattalin arziki ya durƙushe, aka shiga zamanin kalabule, kuɗin waje ya ɓace, kayan gyara suka daina shigowa. Sai ga 1983 ta haɗa komai: fari, gobarar daji, yunwa, ga kuma kimanin mutum miliyan ɗaya da Najeriya ta koro a farkon shekarar. A wannan zamani ne fitan Ghana ya zama abin da ya zama. Taya ta yi wuya har ana ɗinke ta. Ana yanka gasket daga kwali, ana yanko robar shokazoba daga tsohuwar taya, ana ɗaukar injin wata mota a dasa wa wata. Cibiyar wannan sana'a ita ce Suame Magazine a Kumasi, wadda ta samo sunanta daga tsohuwar ma'ajiyar makaman soja inda masu gyara suka fara taruwa a shekarun 1930. Yaran Arewa da na zango da yawa can suka yi koyo a hannun masta, suka dawo Tamale da Bolga da Bawku suka buɗe nasu garejin. Har gobe in fitanka ya ce abu sai Magazine, ka san tafiyar kusan kilomita 380 ce, ko kuma a aika wa direban bas ya taho da shi.

Landirofa ta tsira daga wannan wahala, amma kamfanin da ya haife ta yana cikin tasa. Tun 1968 ya shiga ƙarƙashin British Leyland, yajin aiki ya yi yawa, inganci ya ragu, mai oda sai ya yi ta jira. Su kuwa Japanawa suna nan suna kallo. Toyota ta fara tata motar a 1951, ta raɗa mata suna Land Cruiser a 1954, ta fito da samfurin 40 a 1960, sannan samfurin 70 a 1984, wanda har yanzu ana ƙera shi. Hilux mai ja da ƙafa huɗu ta zo a 1979. Motocin nan ba su fi Landirofa iya hawan dutse ba, amma ba sa ɗigar mai, ba sa karya aksul da sauƙi, kuma in ka nemi kayan gyara kana samu. Labarin da ya ƙara musu suna a Sahel shi ne yaƙin Chadi da Libiya na 1987, inda sojojin Chadi a cikin akori-kura na Toyota suka tarwatsa tankokin Gaddafi a Fada da Wadi Dum, har aka riƙa kiran sa Yaƙin Toyota. Land Rover ta yi ƙoƙari, ta fito da 110 mai sifirin naɗe a 1983, ta sa mata suna Defender a 1990, amma kasuwar Afirka ta riga ta kuɓuce. Kamfanin ya wuce hannun BMW a 1994, Ford a 2000, Tata ta Indiya a 2008, kuma a Janairu 2016 aka ƙera tsohuwar Defender ta ƙarshe a Solihull.

To ta ina waɗannan fararen motoci suka cika Tamale? Ai ba 'yan kasuwa ne suka saye su sababbi ba. Ayyukan agaji ne suka kawo su. Shirin yaƙi da makantar bakin kogi, wanda aka fara a 1974 da hedkwata a Wagadugu, ya yi aiki har 2002, kuma shi ne ya sa mutane da shanu suka iya komawa bakin kogunan Volta da baƙin ƙuda ya kore su. Yaƙi da kurkunu ma ya ci motoci ba kaɗan ba, har aka ga mutum na ƙarshe da ya kamu a Ghana a 2010, a Diare, nan arewa da Savelugu. Bayan rikicin ƙabilanci na 1994 ƙungiyoyi suka ƙara kwararowa, Tamale ta zama garin ofisoshinsu. Ƙungiya takan yi 'yan shekaru da mota ta yi gwanjonta. Daga hannunta sai ɗan kwangila, daga shi sai dillalin shanu, daga shi sai mai kai kaya ƙauye. Wadda ake tallata maka yau wataƙila kai ne na biyar ko na shida. Saboda haka kada farin fenti da tabon tambarin ƙungiya a ƙofa su ruɗe ka. Shekarunta na farko ta samu kulawa, gaskiya ne, amma abin tambaya shi ne shekara goma sha biyar da suka biyo baya.

Bari mu tsaya a nan kaɗan, don nan ne kuɗinka yake. Ka fara da shasi, ba da inji ba. Inji ana sauke shi a gyara, ko a sayo wanda 'yan Ghana ke kira hom-yus daga Abossey Okai a Accra, wadda tsofaffinmu ke ce wa Ankara. Shasin da ya ruɓe kuwa mota ta mutu ko da tana tafiya. A Landirofa bodin alminiyom ba ya tsatsa, shi ya sa take yaudarar ido, alhali ƙasanta da bangon da ke tsakanin inji da direba sun cinye. Ka shiga ƙarƙashi da ƙaramar guduma ka ƙwanƙwasa, musamman inda sifirin ke kamawa. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji kamar ka bugi kwali. In motar ta yi dakon dabbobi ko gishirin Daboya ko takin zamani, ka ninka dubawar, domin fitsarin shanu da gishiri suna cin ƙarfe fiye da ruwan sama. In ka saya, duk ranar da ka sauke dabbobi ka wanke bayanta, ka watsa ruwa a ƙarƙashi.

Injin da ya fi suna a nan shi ne 1HZ na Land Cruiser, mai silinda shida, lita 4.2, mai shan gas, wanda aka fara a 1990. Ba shi da kwamfuta, kowane fita ya san cikinsa. Amma yana da bel na roba da ke daidaita bugun inji, kuma ƙa'idar da aka saba ita ce a canza shi a kilomita 100,000. Akwai 'yar fitila a gaban direba da aka rubuta T-BELT don tunatarwa, sai dai sau da yawa ana kashe ta ba a canza komai ba, mitar ma ta daɗe da tsayawa. In ba ka san ranar da aka canza ba, ka ɗauka ba a canza ba. Bel ɗin nan in ya tsinke kana tafiya, fistin ya haɗu da bawul, kuɗin gyaran sai ya ci maka sa guda. Injin Tdi na Defender ma haka yake. Baƙin mai kuwa, ga tsohon injin gas a ƙurarmu, kilomita 5,000 ya isa, da filta sabuwa. Lokacin hunturu ka riƙa cire filtar iska kana kakkaɓewa, kada ka yarda yaron gareji ya huda ta wai don inji ya sha iska. Man da ake saye a jarka a bakin iyaka yakan zo da ruwa da datti. Akwai ɗan kofi a ƙarƙashin filtar gas da ke tara ruwan, ka riƙa zubar da shi, in ba haka ba famfon mai da nozul za su gaya maka.

Damina tana da nata hukunci. Kusan kowace shekara wajen Agusta ko Satumba ana buɗe madatsar Bagre a Burkina Faso, Farin Volta ya cika ya malala. Yankin Yagaba da Kubori ai har laƙabin ƙasar waje aka yi masa, saboda yadda ruwa ke yanke shi. Ruwan da ba ka ga wani ya shiga da ƙafa ya fita ba, kada ka sa mota a ciki, komai giyar taimakonka. In ka tsallaka, ka ɗan riƙa taɓa birki kana tafiya a hankali har ya bushe, domin birkin ganga in ya jiƙe ba ya kamawa. Da ka isa gari ka sa a buɗe aksul na gaba da na baya da akwatin giya a duba mai. In ya koma fari-fari kamar an dama fura, ruwa ya shiga, a zubar a sa sabo, a kuma cika giris a furofela. Mutane da yawa suna barin wannan, sai bayan wata biyu aksul ya fara kuka su ce maita ce.

Wani kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne barin mota a ƙafa huɗu a kan kwalta. Land Cruiser 70 da tsohuwar Hilux da Landirofa ta Series ba a yi su don haka ba. Ƙafafun gaba da na baya sukan yi gardama a kwana, ƙarfe ya murɗe, taya ta cinye. Ka fito daga laka, ka mayar da ita ƙafa biyu, ka sauka ka buɗe makullin da ke cibiyar tayoyin gaba in tana da shi. Defender daban ce, kullum ƙafa huɗu take, abin da za ka saki a tata shi ne makullin tsakiya. Hanyar burji mai ƙunya-ƙunya kuma tana kwance noti, don haka bayan kowace doguwar tafiya, misali ta Tatale ko Chereponi, a bi notocin sifirin da na taya da na sitiyari. Taya kuwa, ko da zanenta bai goge ba, ka duba lambobi huɗu da ke jikinta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2314, an yi ta a mako na 23 na 2014, kuma zafin Maris na Tamale ba ya jin tausayin tsohuwar roba.

Maganar yawon buɗe ido fa? Mole, wadda aka keɓe a 1958 ta zama gandun ƙasa a 1971, ta daɗe tana ciyar da masu tsofaffin motoci, domin hanyar Fufulso zuwa Damongo da Larabanga tana girgiza mutum har haƙori. Amma tun da aka kammala kwaltar Fufulso zuwa Sawla a 2015 da kuɗin Bankin Raya Afirka, ƙaramar mota ma tana kai baƙo har ƙofa. Aikin mai ƙafa huɗu ya koma cikin dajin da kuma hanyoyin da kwalta ba ta kai ba. Wanda zai saya don baƙi kaɗai, ni dai ban ga ribarsa kamar da ba. A ɗaya gefen kuma Motorking mai taya uku ta ƙwace ƙananan dako na kusa, tana shiga lungun da mota ba ta shiga, manta kaɗan. Abin da ya rage wa tsohuwar Land Cruiser shi ne kaya mai nauyi, tafiya mai nisa, da mara lafiya ko mai naƙuda a tsakiyar damina. Ka yi lissafinka a kan waɗannan.

Sai takardu, wanda ku masu tsallaka Paga da Kulungugu da Sinkanse kun fi ni sani. Lambar shasi da ta inji su dace da abin da ke rubuce a takardar DVLA. In an canza inji, a je a gyara rubutun, don jandarma ba ya jin labarin Magazine. In daga waje za ka shigo da ita, ka tuna kwastan na Ghana na ɗora tara a kan motar da ta haura shekara 10. Katin inshora mai ruwan ƙasa na ECOWAS, wanda aka kafa tsarinsa a 1982, shi ne ake nunawa a ƙetare. Amma Burkina Faso da Nijar da Mali sun fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairu 2025, kuma akori-kurar Toyota, saboda irin mutanen da ke yawo da ita a dajin Sahel, mota ce da soja ke kallo sau biyu a shinge. Kafin ka tashi, ka tambayi ofishin inshorarka da shugabannin tasha abin da ake karɓa a wannan watan, kada ka tuƙa da dare bayan Pô, kuma ka cire duk wani fenti ko tanti mai kama da na soja daga jikin motar.